Ido Kawai, Ban da Hannu

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyukan arewacin Matankari ya san Mushe Inusa (Mushe shi ne malami a bakin 'yan lakwal), kuma da wuya a ce bai ɗanɗani bulalarsa ba. Ni na ɗanɗana fiye da kowa, domin ban da daƙiƙancina, yayata Hasiya yake aure, sai ya ɗauka in na faɗi jarrabawa gidansa ne ya ji kunya. Shekara huɗu yana fama da ni, daga ƙarshe ya ce kaina na mota ne, ba na takarda ba. Ya yi gaskiya. Sunana Luƙman, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ina jan mota tsakanin Dogon Dutsi da ƙauyuka. Labarin da zan bayar na kalma ɗaya ce da mijin yayata ya faɗa, wadda ta hana shi sakat shekara uku, har sai da ya je ya amsa laifinta gaban mutumin da ta cuta.

Akwai darasi guda da babu ɗalibinsa da ya manta. Ranar Talata da hantsi yakan shigo aji da wani abu a hannu, ko fara, ko zangarniyar gero, ko kwaɗo cikin gwangwani. Sai ya ajiye a kan tebur, ya buga bulala, ya ce da Faransanci, "Observez!" Sannan ya juya mana da Hausa: "Ido kawai, ban da hannu." Wanda ya kuskura ya miƙa yatsa zai gane kurensa. Ni kwaɗon ne ya ja mini duka har sau biyu.

Da ya ajiye alli, sai ya kafa ɗan tebur ƙarƙashin dogon yaro kusa da tashar Dogon Dutsi, yana karanta wa mutane takardu, yana rubuta musu amsa. A nan na gane cewa mutumin da ya firgita mu da bulala yana da wani rauni: ba ya iya miƙa wa babba magana mai ƙaya. In ofis ya rubuto wa tsoho cewa an ƙi buƙatarsa, Mushe zai gyara tabarau ya ce, "Sun ce ka ƙara haƙuri, suna dubawa." Tsoho ya tafi yana sa masa albarka. Na sha tsokanarsa, tunda mijin yaya abokin wasa ne. Nakan ce, "Mushe, kai in anka ba ka sanarwar mutuwa, cewa za ka yi mamacin ya ɗan makara." Shi kuma ya ce direba bai san ladabi ba, ban da hon babu abin da ya iya. Mutane sun so shi saboda wannan hali, ni ma na so shi.

Sai zaman lafiya ya fara tsinkewa daga arewa. Mutane masu bindiga, bibbiyu a kan babur, suka riƙa ɓullowa a rijiyoyi da rugage, su kore shanu, wanda ya yi gardama su harbe shi. Ƙauyuka uku na daina zuwa. A cikin wannan hali ne aka kawo wasu sojoji baƙi. Mu mutanen Arewa ba ranar muka fara ganin soja baƙo ba, tsofaffin ƙauyen Lugu har yau suna ba da labarin na farkon, waɗanda suka zo da yaƙi tun zamanin kakanni, kuma ba da daɗi suke ba da shi ba. Ayarinsu ma mun saba gani yana wucewa a kan kwalta. Amma waɗannan tsayawa suka yi. Ba su kai arba'in ba, suka kafa sansani a bayan gari, suka kewaye shi da buhunan yashi, aka ce na ɗan wa'adi ne. Ba zan kama sunan ƙasarsu ba, domin ba ita ce maganar ba. Faransancin ma da ƙyar kaftin ɗinsu yake haɗa shi.

Ba zan zalunce su ba. Sun koya wa sojojinmu abubuwa, likitansu ya duba mutane da yawa, kuma watannin farko hanya ta lafa har na koma biyu daga cikin ƙauyukan da na bari. Suna da wani ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke yini yana shawagi a sama, ba ka cika ganinsa ba sai dai ka ji kukansa siriri. Mutane suka sa masa suna Sauro.

Da suka nemi tafinta, samarin da suka iya Faransanci suka noƙe, kowa yana tsoron a gan shi tare da su. Aka zo wurin Mushe. Hasiya ta ce kada ya je, ya tsufa da shiga tsakanin masu bindiga. Ya ce ai magana kawai zai ɗauka daga wannan baki ya kai wancan, me zai same shi? Ni kuma aka ɗauke ni in riƙa nuna hanya, domin taswirarsu ba ta san inda yashi ke cin mota ba.

Wata Laraba bayan girbi muka je Rijiyar Gawo, rugar Ardo Mahmuda. Ardo dogon tsoho ne siriri, Hausarsa ta fi tawa tsabta, gidaje goma sha ɗaya ke bin maganarsa. Shi da Mushe sun san juna tun lokacin da Mushe yake koyarwa a ƙauyen da ke kusa, har ya lallashi Ardo ya ba shi ɗansa na fari, Nuraddeen, ya yi shekara uku a aji kafin shanu su janye shi. Ardo bai taɓa kiran sunan wannan ɗa ba. Haka al'adarsu take da ɗan fari, sai dai ya ce "wancan" ko "yaron ga", ko da yake yaron ya kai shekara talatin, da matarsa da 'ya'yansa biyu. Ranar Nuraddeen ya rusuna ya gai da tsohon malaminsa, sannan ya koma ya tsaya bayan mahaifinsa, ya dogara da sanda.

Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawo. Ni ban zauna ba, ina can ina zagaya motarsu ina shafa tayoyi, domin ban taɓa ganin irinsu ba. Abin da aka faɗa a kan tabarmar nan, daga baya Mushe ya ba ni shi kalma bayan kalma.

Bayan gaisuwa Ardo ya ce, "Mushe, tambai baƙonka. Mi ya kawo su ƙasarmu?"

Kaftin ya amsa a taƙaice. Ya ce ba yaƙi aka turo su ba, ba a ba su izinin harbi ba sai in su aka taɓa. Aikinsu su koyar, su kuma yi abin da ya kira observer, abin da suka gani su sanar da sojojin ƙasa.

Mushe ya ce mini a nan ya tsaya yana juya kalmar a bakinsa. In ya ce sun zo kallo, ya wulakanta baƙo gaban mai gida, domin wa ke zuwa kallon mutanen da ake kashewa? In ya ce sun zo sa ido, zagi ne, kowa ya san ɗan sa ido. In ya ce leƙen asiri, to ya kunna wuta. Sai ya lalubo kalma mai laushi wadda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ya ce, "Ardo, sun ce sun zo su lura da ku." Zancen izinin harbi kuwa ya haɗiye shi, a ganinsa ba maganar da za a yi a kan tabarmar baƙunci ba ce.

To, lura iri biyu ce a Hausa, kowa ya sani. Akwai lurar mai wucewa da ya lura rigarka ta yage. Akwai kuma wadda uwa take nufi in ta ce wa maƙwabciya ki lura mini da yara. Makiyayi kuwa ɗaya kawai ya sani, domin shi in ya ce yana lura da garke, to in kura ta zo shi da ita ne. Ardo ya sa aka kawo ƙwaryar nono, ya miƙa wa kaftin da hannu biyu.

Ya ce, "Hwaɗa mai, tunda haka na, mun ba shi amanar kanmu da ta bisashenmu. Shi sha."

Mushe ya ji nauyin maganar sarai. Ya san abin da Ardo ya fahimta, ya san ba shi kaftin ya faɗa ba. Nan ne ya kamata ya ce a dakata. Amma ƙwarya tana hannun baƙo, dattawa sun zuba ido, kowa fuskarsa a sake. Sai ya juya ya ce wa kaftin da Faransanci, "Ya ce ya gode da zuwanku." Kaftin ya yi murmushi ya sha nono, har ya ɓata gashin bakinsa aka yi dariya. Muka hau mota muka dawo gari kowa yana jin daɗi.

Ba a yi wata guda ba labari ya fara zuwa cewa masu babura sun matso. Rugagen da ke kewaye suka fara kwasa suna yin kudu wajen Tibiri, kamar yadda makiyaya suka saba in wuri ya yi zafi. Ni na kwashe wa wasu tsofaffi da kaya. Wata rana na biya ta Rijiyar Gawo na tarar ko bukka ɗaya ba a kwance ba. Na ce, "Ardo, ku ba ku tashi?" Ya ɗaga sanda ya nuna sama, inda Sauro yake kuka.

Ya ce, "Mu muna da masu lura da mu. Mushe ya hwaɗi, kuma mutumen ya sha nono."

Da la'asar na tarar da Mushe a teburinsa, na ba shi labari ina dariya, na ce ga shi ya zama babban mutum, maganarsa ta ɗaure garke guda. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Za ni in gane shi satin ga." Satin ya wuce, kaftin yana buƙatarsa. Na biyu Hasiya ba ta da lafiya. Na uku babu wani dalili, kunya ce kawai, ta yaya malami zai je gaban dattawa ya ce na karkatar da magana? Yana ta gaya wa kansa wataƙila ba abin da zai faru. Sati bakwai ya yi yana ɗaga tafiyar nan, ni kuma da na san hanya ban matsa masa ba, domin ban san abin da ke cikinta ba. Wannan yana cina har yau.

Da hantsi masu babura suka zo Rijiyar Gawo, lokacin shayar da dabbobi, shanu sun taru a bakin rijiya. Idris, ƙanen matar Nuraddeen, wanda ya tsira da harsashi a cinya, shi ya ba ni labari. Babura tara. Sauro yana sama tun kafin su iso, kowa yana jin kukansa, shi ya sa babu wanda ya gudu da farko. Mata ma ba su bar tulunansu ba. Da aka fara harbi, Ardo ya fito fili, ya kware rawaninsa, tsoho mai shekara saba'in ya bar kansa a buɗe gaban surukansa, yana kaɗa farin ƙyalle sama yana kira. Nuraddeen ya tsaya tsakanin babura da garke da sandarsa. Shi aka fara harbi. Mutum uku aka kashe, aka kore shanun duka, Sauro yana bisa yana bin su.

Sojojinmu sun iso bayan azahar, yashi ya riƙe musu mota ɗaya a hanya. Baƙin ne suka sanar da su, kuma Sauro ne ya nuna musu inda aka bi, har suka ƙwato wajen kashi ɗaya cikin uku na shanun. Likitan baƙin ne ya ceci ƙafar Idris. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina faɗarsa ne don kada a ce na ɓoye. Amma mutum uku suna ƙarƙashin ƙasa kafin la'asar.

Kwana biyu bayan haka kaftin ya kira Mushe, ya nuna masa hotunan da Sauro ya ɗauka, yana son a gaya masa sunayen wurare. Komai ya fito, rijiya, gawo, shanu kamar ƙwayar wake. Sai kaftin ya sa yatsa a kan wani ɗan ɗigo mai kaɗa farin abu, ya ce wannan me yake yi, alamar miƙa wuya ce? Mushe ya ce, "A'a. Ku yake kira." Kaftin ya ce don me zai kira mu, ai na gaya masa ba mu da izini, a gabanka na gaya masa. Ya ce cikin minti huɗu ya aika da labari, ya roƙi manyansa su bar shi ya fita suka hana, ya yi duk abin da aka turo shi yi. Idonsa ya kawo ruwa. Mushe ya ce mini da mutumin mugu ne da abin ya zo masa da sauƙi. Bai gaya masa komai ba, ya ɗauki hularsa ya fito, bai sake komawa sansanin ba.

Bayan wata biyar wa'adinsu ya cika, suka naɗe kayansu suka hau kwalta. Buhunan yashin suna nan, awaki ke hawa. Masu babura kuwa ba su je ko'ina ba.

A tasha har yau ana gardama a kan baƙin nan. Wani ya ce sun yi amfani, wani ya ce ba su tsinana komai ba, wani ya ce da ma da wata manufa suka zo. In an tambaye ni nakan ce ni direba ne. Amma abin da na gani shi ne, mutum arba'in da aka ɗaure wa hannu ba za su tsare ƙasar da mota take yini ba ta ƙure ta ba, su ma sun sani, waɗanda suka turo su ma sun sani. Abin da ke ba ni haushi shi ne rabin taimako yana kama da cikakke in ka hango shi daga nesa. Rugagen da ba su sa rai da kowa ba sun kwashe sun tsira da shanunsu. Wadda ta ji kukan Sauro ta saki jiki ita ce ta yi makoki. Wanda zai zo da ido ya baro hannu a gida, to ya faɗa da babbar murya, a kuma samu mai juya maganar ba tare da ya shafa mata mai ba.

Mushe ya naɗe teburinsa ya kai ɗaki. Mutane suka riƙa zuwa har gida da takardu yana cewa idonsa ya yi rauni, alhali ina ganinsa yana zare ƙaya daga ƙafar jikarsa ba tare da tabarau ba. Ya rame. Ya daina rama tsokanata, wanda ya fi komai tayar mini da hankali. Hasiya ta yi zaton iska ce ta taɓa shi a daji, har ta fara tambayar masu magani a ɓoye. Ta'aziyya ma bai je ba. Ardo da sauran mutanensa suka yi kudu, labarinsu ya yanke.

Sai a shekara ta uku, wata Juma'a bayan an tashi daga kasuwa, ya same ni ina wanke mota, ya zauna a kan taya ya ba ni labarin duka, tun daga tabarma har hotuna. Na ce, "Mushe, ai ba kai ka riƙe bindiga ba." Ya ce in bar wannan, ya gaya wa kansa ita sau dubu ba ta yi magani ba.

Ya ce, "An ce mani Ardo na Tibiri, kuma jiki ya hwara ƙi. Shina can shina tsine ma mutumen da bai san an ba shi amana ba. In ya mutu da wagga magana, ni na kashe gaskiya sau biyu. Ka kai ni."

Na ce masa ya yi tunani, mutanen nan sun rasa ɗa, ba mu san yadda za su karɓe mu ba, kuma sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa zai zube a yini ɗaya. Ya ce sunan da ma na aro ne.

Ranar Lahadi muka kama hanya, mu biyu kawai. Muka sami Ardo a gefen garin Tibiri, bayan turakun dabbobi, zaune a inuwar wata bukka yana tufka igiya da kaba. Mutumin da gidaje goma sha ɗaya ke bi, yanzu igiya yake sayarwa masu shanu. Idonsa ya yi hazo, amma ya gane muryar Mushe tun daga sallama. Ya sa aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo, Mushe ya yi ta'aziyyar da ta makara shekara uku, Ardo ya amsa ba tare da ya nuna komai ba.

Sannan Mushe ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ardo, na zo da magana mai nauyi. Baturen ga bai ce za su lura da ku ba. Cewa yay yi za su duba kawai, su ba da labari, ba su da izinin hwaɗa. Ni na sauya ta, don na ji kunyar in hwaɗa maka ita yadda take. Amanar da ka ba shi kuma ban kai mai ba. Ce mai niy yi ka gode. Bai ci amanarka ba, bai san da ita ba. Hannuna ta tsaya."

Na zuba wa hannun Ardo ido, domin sandarsa tana kusa. Hannun bai bar igiya ba. Ya ci gaba da tufka har ya kai ƙarshen kabar, ya ɗaure, ya ajiye.

Ya ce, "Na sani, Mushe."

Mushe ya ɗago kai.

"Tun ranar na sani, in da na yarda. Kuna tashi, ƙurar motarku ba ta kwanta ba, yaron ga yaz zo ya durƙusa gabana. Yac ce, Baba, ba haka Bature ya hwaɗi ba. Yac ce kalmar ga ya san ta, ku kunka koya musu ita da kwaɗo cikin gwangwani. Yac ce ma'anarta ido kawai, ban da hannu. Yac ce mu tashi."

Ban san lokacin da na dafa bango ba. Mushe ya sunkuyar da kai.

Ardo ya ce, "Ka san mi niy yi? Na mare shi. Gaban matatai da ɗiyanai na mare shi. Nic ce, kai da shekara ukku ta lakwal za ka ƙaryata malaminka? Mutumen da ya koya maka baƙi? Bai sake tada maganar ba. Sau biyu ina ganin shi shina kallon kudu, bai ce komi ba. Ya tsaya inda nic ce shi tsaya."

Ardo ya shafa tafin hannunsa na dama a kan gwiwa, a hankali, kamar mai goge wani abu.

"Kai ka ji kunyata, ni na ji kunyarka, shi ya ji kunyarmu mu biyu. Ba Bature nika tsine ma ba, wanda ya hwaɗa maka haka bai ji daidai ba. Na yahe maka, Mushe, tunda ka taka ka zo. Wanda ban iya yahe ma ba shina nan zaune." Ya nuna ƙirjinsa. Sannan ya ce, "Nuraddeen ya yi gaskiya. Nuraddeen ya hi mu karatu."

Matan da ke bayan bukka suka fashe da kuka, domin ba su taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, ko ranar da aka binne shi. Mushe ya kifa fuskarsa a ƙasa, malamin da nake tsoro tun ina yaro, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ardo ya lalubo kafaɗarsa ya ce ya tashi ya sha ruwa, rana ta yi.

A hanyar dawowa, da dutsen garinmu ya bayyana, Mushe ya juyo gare ni. Ya ce, "Shi kaɗai ya riƙe darasin, Luƙman. Cikinku duka." Na ce ni ma na riƙe, kwaɗon ne dai ban yafe wa ba. Bai yi dariya ba, amma ya dafa hannuna a kan giya.

Ardo ya rasu da damina ta gaba. Kafin nan Mushe ya riga ya fito da teburinsa ƙarƙashin dogon yaro. Ina wurin ranar farko, wani tsoho ya kawo takarda daga wani ofis. Mushe ya karanta a zuci, na ga leɓensa ya fara shirya maganar nan tasa ta haƙuri da dubawa. Sai ya tsaya, ya ajiye takardar, ya kalli tsohon cikin ido.

Ya ce, "Baba, sun ƙi. Kuma ba za su sake dubawa ba. Kada ka zamna jiransu."

Tsohon ya fizge takardarsa, ya ce da ma an ce Mushe ya lalace, ya tafi yana faɗa. Mushe ya bi shi da ido har ya shige tasha, sannan ya gyara tabarau ya ce mai bi masa ya matso.